Rijiyar Unguwarmu da Itatuwan Kwamanda

Rijiyar unguwarmu ta rufta ne da ruwan farko na damina, ina goye da ɗiyata ta fari. Bayan babban yaƙin Nasara ne da kaɗan, lokacin da ake ta faɗi a kasuwa cewa an hana aikin dole. Tsohuwar rijiya ce, kakannin mijina suka gina ta, suka ɗaure cikinta da itace, itacen kuwa ya daɗe da ruɓewa. Da safe muka zo da tulunanmu, muka tarar bakinta ya zama wani rami mai faɗi, babu inda guga zai shiga.

Mazan unguwa sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ƙasar wajenmu a Madarumfa rairayi ce, duk abin da suka haƙa da safe kafin azahar gefe ya zubo ya cike shi. Ranar da ƙasa ta binne wani saurayi har ƙirji, aka ciro shi da ƙyar, suka tattara kayansu suka bari. Masu ginin rijiya suka ce sai da siminti, siminti kuwa a wancan lokaci a hannun gwamnati yake.

Akwai wata rijiya a ɗaya gefen gari, amma matan can ba su son ganinmu. Kafin rana ta take ruwanta ya zama laka, in mun zo sai su jera tulunansu su tare bakin, su juya mana baya. Wata ta taɓa ture mini tulu da ƙafa ya fashe, ta ce in je in sha a inda shanun mijina ke sha. Haka kuwa aka yi. Muka koma tabki da kududdufan bayan gari, mu kore gansakuka da ƙoƙo mu ɗiba, mu tace da bakin zane in mun tuna.

Mai unguwarmu kawuna ne, yayan Inna mahaifiyata. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifina, a gidansa na girma, daga gidansa aka kai ni ɗaki. Dogo ne mai sanyin murya, ba ya faɗa, ba ya kuma cewa a'a ga kowa. Mutane suna yaba masa wannan hali, ni ma a da ina yaba masa.

Da kaka ta yi aka ce kwamanda, Baturen da ke mulkin yankinmu, zai zo ya zauna da manyan gari da masu unguwanni, domin a wannan shekara za a yi wa garin aiki da wani abu daga cikin lanho, harajin da ake karɓa a kan kowane kai. Aka ce zai tambayi abin da gari ya fi bukata. Mu matan unguwa muka taru muka tafi zauren Kawu, muka durƙusa daga ƙofa. Aka sa ni in yi magana tunda ni ɗiyarsa ce.

Na ce, "Kawu, mun zo ne a kan rijiya. In an tambaye ku, ku taimaka ku ambace ta."

Ya ce, "Ai ko ba ku zo ba, 'yar nan, da me zan buɗe baki in ba da ita ba? Ni ma ruwan tabkin nake sha. Ku tafi ku kwantar da hankalinku."

Muka yi godiya muka tashi. A hanya har da masu guɗa.

Mata ba su zuwa irin wannan zama, amma maza suna tsayawa daga baya su saurara. Maigidana ya je. Da ya dawo na shimfiɗa masa tabarma, ya zauna, na tambaye shi yaushe za a kawo simintin.

Ya ce, "Za a kawo siminti, amma ba na rijiya ba ne."

Ya ba ni labari. Kwamanda ya ce gari yana girma, kuma garin da ke girma ba ya zama da lunguna kamar ramin gara. Za a fitar da hanya miƙaƙƙiya tun daga mashigar gari har bakin tabki, a dasa itatuwa dama da hagu, a gina gidan saukar baƙi a ƙarshenta domin manyan da ke zuwa daga Maraɗi. Da ya gama, tafinta ya juyo ya tambayi masu unguwanni ko akwai mai wata bukata da ta fi wannan. Aka yi shiru. Ya sake tambaya, har ya dubi Kawu ya ce, "Kai fa, dattijo?" Kawu ya gyara rawani ya ce madalla, abin da aka tsara shi ne daidai, Allah ya ƙara wa kwamanda girma.

Na ce, "Ko kusa bai ambaci rijiya ba?"

Maigidana ya ce, "Ko ruwa bai ambata ba."

Da sanyi ya shigo aka zo da igiya da turaku aka auna hanya. Igiyar ba ta kauce wa komai, in ta bi ta kan ɗaki a rushe ɗakin, in ta bi ta kan rumbu a kwashe hatsi a ɗage shi. Mu ta ci mana zaure da rabin garka, gidanmu da yake can ciki ya wayi gari a bakin hanya, mai wucewa yana hango murhuna. An ce babu aikin dole, amma kowane gida sai da ya ba da namiji, ana kiransa aikin gayya, gardi kuma, wato dogarin kwamanda, yana tsaye da bulala yana kallon gayyar. Na ga buhunan siminti da idona, a kan amalanke, suka wuce ta gaban ramin rijiyarmu suka nufi bakin tabki.

Sai aka kawo itatuwan. Dogon yaro ne, a lokacin baƙo ne a wajenmu, 'yan sirara kamar tsinke, ganyen da ɗaci, ba ya miya ba ya 'ya'yan ci. Aka raba wa gidajen bakin hanya, kowane gida da nasa, aka ce a yi masa shingen ƙaya saboda awaki, a ba shi ruwa safe da yamma har damina ta sauka. Wanda nasa ya mutu zai gamu da gardi. Ɗiban ruwa kuwa aikin mata ne, saboda haka itacen kwamanda a wuyanmu aka ɗora shi. Tulun farko na safe nasa ne, kafin in ɗora tukunya, kafin in wanke wa ɗiyata fuska.

Wanda aka sa ya duba kuwa Kawu ne. Kullum da hantsi zai biyo hanya da sandarsa, gardi a bayansa, ya tsaya a gindin kowane itace ya caka sandar a ƙasa, ya zaro ya duba ko akwai laima. In ya zo ƙofarmu sai ya yi sallama kamar babu abin da ya faru, ya tambayi lafiyar jikarsa. Ina amsa masa daga cikin gida, ban fitowa.

Da bazara ta kama, tabki ya ja baya, tafiyar ta ƙaru, ruwan ya yi kauri ya koma kore. A nan kurkunu ya fara fita. Tsofaffi sun daɗe suna cewa ruwan kwance ke kawo shi, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa a unguwarmu ba sai ga wanda ya dawo daga tafiya. A wannan shekara gida gida ya shiga. Ni ya fito mini a idon sawu, wani bororo mai zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, farin zaren ya leƙo. Aka naɗe kansa a tsinke, kullum a ja kaɗan, in aka yi gaggawa ya tsinke ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. Maigidana ya fito masa a gwiwa, har biyu, ya kwanta ba ya iya taka ƙasa. Ni da nake iya ɗingisawa na ci gaba da zuwa tabki da sanda, tulu a kai, ɗiya a baya.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya ya ƙetare zuwa wajen Katsina cin rani. Ba ta salla, al'adar kakanninta take bi, amma ita ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar, har da ɗiyata. Kurkunu ya kama ta ƙafa biyu. Ina zuba wa itacenta abin da ya rage a tuluna, sai dai ba ni da ƙarfin gyara mata shinge, wata rana akuya ta shiga ta cinye shi har ƙasa.

Da hantsi na ji muryar gardi a ƙofarta. Na leƙa na ga ya fito da ita, tana jan gindi, ya ce ta durƙusa a gindin abin da ya rage na itacen, a cikin rana, ta riƙe tulu a kai har azahar, domin sauran su gani. Kawu yana tsaye ya dogara da sandarsa, yana kallon wani wuri daban.

Na ɗingisa na fita. Na sauke tulun daga kanta na ajiye a gaban Kawu.

Na ce, "Kawu, ga tulun nan. Ku kuka ce madalla, sai ku ɗauka."

Gardi ya ɗaga bulala, Kawu ya tare shi da hannu ya ce, "Bar ta, ɗiyata ce." Sannan ya dube ni ya ce, "Ke 'yar nan, koma gida. Ba ki san abin da ake ciki ba."

Na ce, "Na san abin da ke cikin ƙafata. An tambaye ku a gaban jama'a, har aka kira ku aka sake tambaya. Me ya riƙe muku baki?"

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ke kina jin tambayar gaske ce? Mutumin ya zo da hanyarsa a aune tun daga inda ya fito. Da na ce rijiya, da yanzu rawanin nan yana kan wani, wanda ba zai tare miki bulala ba. Ni nake tsaye tsakaninku da su, ba ku gani."

Na ce, "Da kun faɗa an tuɓe ku, da mun san muna da mai unguwa. Yanzu itace ke da mai unguwa."

Mutane sun taru, wasu suka rufe baki. Kawu ya ce a gidansa na ci na sha na girma, yau ni ce zan tsaya a hanya in zage shi. Na ce ban zage shi ba. Ya juya ya tafi, gardi ya bi shi, muka kama tsohuwa muka mayar da ita ɗaki. Washegari aka kawo mata wani itacen aka dasa, aka ce wannan ma in ya mutu ta kuka da kanta.

Inna ta zo da yamma tana kuka, ta ce in tashi mu je in ba yayanta haƙuri. Ta ce ko me ya yi ubana ne, ba a yi wa babba haka a gaban mutane. Na nuna mata maigidana a kwance, wanzami ya yi masa sakiya a gwiwa, ɗakin duk wari. Na ce in Kawu ya zo ya dubi wannan ƙafar, zan je in durƙusa masa. Bai zo ba, ni ma ban je ba.

Gab da saukar damina aka gama gidan baƙi, aka shafe shi da farar ƙasa, aka ce wani babba wanda ya fi kwamanda zai zo ya ga aikin da aka yi da kuɗin lanho. Aka share hanya, aka jera fararen duwatsu a gindin itatuwa. Ana gobe zai zo mai shela ya bi unguwa yana cewa mai unguwa ya ce duk mai kurkunu ya zauna cikin gida, kada a ga gurgu ko mai sanda a bakin hanya, masu lafiya su sa tufafi masu kyau su fito su yi tafi.

Na yi niyyar zama a ciki, domin na gaji. Amma da na ji kiɗa ya matso, na tuna ai gidan ma su suka fitar da shi bakin hanya. Na ɗauki tabarma na shimfiɗa a inda zaurenmu yake a da, na zauna na miƙe ƙafa, na kwance tsumman da ke kanta, tsinken da zaren kurkunu a fili.

Da ƙafa suka biyo, babban da kwamanda a gaba, tafinta a gefe, manyan gari a baya, Kawu a cikinsu saboda an shigo unguwarsa. Babban yana taɓa ganyen itatuwa yana gyaɗa kai. Da ya zo daidai da ni ya tsaya. Ya dubi ƙafar, ya yi magana, tafinta ya ce ana tambaya me ya same ni.

Na faɗi duk abin da na zo faɗi. Na ce rijiyarmu ta rufta tun bara, muna shan ruwan da dabbobi ke shiga, unguwar nan kusan kowane gida akwai irin wannan ƙafar a ɓoye a ɗaki, an ce kada su fito. Na ce mu siminti muka roƙa, aka ba mu itace mu shayar.

Tafinta bai juya maganar nan take ba. Ya dubi kwamanda, ya dubi manyan gari, sannan ya ce, "Mai unguwa, wace ce wannan?"

Kawu ya matso. Ina kallon fuskarsa, na ga gumi a ƙarƙashin rawaninsa. Ya ce, "Ɗiyar ƙanwata ce. A yi haƙuri da ita, ba ta da cikakken hankali. Tun da ta haihu take haka."

Abin da tafinta ya juya ke nan, a taƙaice. Babban ya yi wata 'yar fuskar tausayi, ya ce a kai ni wajen likita a wanke mini ƙafar, suka wuce. Mai kiɗa ya ci gaba. Wata mata da muka durƙusa tare a zauren Kawu tana tsaye kusa da ni tana tafi, ba ta ko dube ni ba.

Ba wanda ya kai ni wajen likita. Maganar Kawu kuwa ta zauna. Yara suka riƙa bina in na nufi tabki suna kirana mahaukaciya, matan ɗaya rijiyar suka sami abin dariya. Har a unguwarmu, in na yi magana a wajen biki sai a dubi juna. Da bulala gardi ya zuba mini a ranar, da ta warke kafin damina ta tsaya.

Damina ta sauka maigidana yana kwance. Gonar gero ni na shuka abin da na iya, ciyawa ta cinye rabi, gyaɗa ko gwadawa ba mu yi ba. Da ya tashi gwiwar ta ƙage, ba ta sake lanƙwasuwa ba har ya bar duniya. Mutum ne da yake noma tun safe har la'asar bai miƙe ba, ya koma saƙar tabarma da igiya a ƙofar gida. Bai taɓa zagin Kawu a gabana ba, amma in ya hango shi tafe sai ya ja ƙafarsa ya shige ciki.

Rijiya sai bayan damina biyu muka samu, kuma ba daga lanho ba. Ɗan tsohuwar nan ne ya dawo ya ga yadda uwarsa ta koma, ya tara samarin da suke cin rani tare, suka ɗauko siminti a kan jakuna daga wajen Jibiya, ta hanyar daji. Masu ginin rijiya suka yi aikin a bakin abinci, mu mata muka dafa. Ranar da ruwa ya fito Kawu ya zo da babbar rigarsa ya yi addu'a, daga baya muka ji an kai labari sama cewa mai unguwa ya tsaya an gina rijiya a unguwarsa, har aka ba shi alkyabba. Gidan baƙi kuwa a shekara ba a kwana a cikinsa sai jifa jifa, in Nasara sun zo harbin dinya a tabki.

Ban sake taka gidan Kawu ba. In mun haɗu a hanya ina durƙusawa in gaishe shi, domin ba na so a ce Inna ba ta yi mini tarbiyya ba, amma daga ina kwana ba na ƙara komai. Da Salla ya kan aiko wa yarana nama, in karɓa in ba maƙwabta.

Shekaru suka wuce, ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi. Inna ta zo ta ce yana nemana, ta ce in ban je ba kada in sake kiranta uwa. Na yafa mayafi na bi ta. Yana kwance a kan gadon kara, ya rame har ban gane hannuwansa ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi da jiki.

Ya ce, "Matso, 'yar nan."

Na matsa kaɗan. Ya daɗe yana kallona, na ga bakinsa yana motsi, na zaci zai faɗa. Ba wani abu mai yawa nake jira ba. So nake kawai ya ce a gaban Inna da matansa da ke zaune cewa hankalina ɗaya, shi ne ya yi ƙarya.

Ya ce, "Yaya yaran? An ce babbar ta isa aure."

Na ce, "Suna lafiya."

Ya ce, "To, madalla. A riƙa zumunci."

Na ce Allah ya sawwaƙe, na tashi. Inna ta biyo ni har zaure ta kama mini mayafi, ta ce ai kiran da ya yi shi ne neman gafarar, babba ba ya faɗi da baki, in koma in ce na yafe. Na ce mata ban ji an roƙe ni komai ba. Ya rasu a cikin makon. Na je na zauna zaman makoki tare da mata, na daka, na ɗebo ruwa, na yi duk abin da ɗiya ke yi. Da aka watse ranar sadakar uku na ɗauki ƙwaryata na koma gida, Inna kuma ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.